SAYE DA SHIGO DA MOTAR TSERE MAI SITIYARI A HANNUN DAMA: BAYANI GA MAZAUNA ƘASASHEN WAJE

Gabatarwa

Daga cikin 'yan jiharmu da ke karatu ko aiki a ƙetare, akwai masu sha'awar mallakar motar tsere, wato ƙaramar motar nan mai ƙofa biyu da ƙarfin inji, wadda aka ƙera domin gudu da ƙawa. Mafi yawan irin waɗannan motoci da ake samu da rahusa daga Japan da Ingila suke fitowa, kuma sitiyarinsu a hannun dama yake. Mun shirya wannan bayani ne domin mai niyyar saye ya san abu guda tun kafin kuɗi ya bar hannunsa: dokar ƙasar da za a yi wa motar rajista ita ce ke da ta cewa, ko da kuwa an sayi motar ta halastacciyar hanya a ƙasar da ta fito.

Asalin Bambancin Hannu

Ƙasar da ake bin gefen hagu na titi, motocinta sitiyarinsu a dama yake, domin direba ya kasance kusa da tsakiyar hanya, ya hango abin da ke tahowa. Haka tsarin yake a Birtaniya, Ayaland, Japan, Indiya, Maleshiya, Ostireliya, Kenya da Afirka ta Kudu. Nijeriya ma a kan wannan tsari ta tashi, gadon mulkin Turawan Ingila, har zuwa ranar 2 ga Afrilu, 1972, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi canjin hannu, aka koma bin dama. Babban dalili shi ne maƙwabtanmu, wato Nijar, Chadi, Kamaru da Dahomi wadda yanzu ake kira Binin, duk dama suke bi. Saliyo ta yi nata canjin a 1971, Gana kuma ranar 4 ga Agusta, 1974. Tun daga wancan lokaci motar da ta dace da titunanmu ita ce mai sitiyari a hagu.

Me Ya Sa Ake Sha'awarsu?

A Japan akwai binciken lafiyar mota na tilas mai tsada, wanda ake yi bayan shekara 3 da sayen sabuwar mota, sa'an nan duk bayan shekara 2. Wannan yakan sa masu motoci su rabu da su da sauran ƙarfinsu, su faɗa kasuwannin gwanjo inda dillalan duniya suke saye. Ban da araha kuma, akwai motocin da ba a taɓa ƙera su da sitiyari a hagu ba, kamar Nissan Skyline GT-R samfurin R32, R33 da R34, da Nissan Silvia S15. Mai son irin waɗannan ba shi da zaɓin hannu. Amma Mazda MX-5, Toyota Supra, Honda S2000 da Nissan GT-R samfurin R35 da ya fito a 2007, duk an ƙera su ta hannu biyun. Sanin wannan bambanci kaɗai yakan kuɓutar da mutum daga babbar asara.

Dokar Ƙasar da Kake Zaune

Mazaunin Birtaniya ba shi da matsalar hannu. Idan ya shigo da mota daga Japan, wajibi ne ya sanar da hukumar haraji cikin kwana 14 da isowarta, ya biya kuɗin fito da harajin kaya, motar da ba ta kai shekara 10 ba kuma a yi mata gwajin amincewa na musamman kafin rajista.

A Amurka ba hannun sitiyari ake hanawa ba, abin da ake dubawa shi ne ko motar ta cika ƙa'idojin tsaro na ƙasar. Bisa dokar da aka kafa a 1988, motar da ba ta cika su ba tana samun sassauci ne idan ta kai shekara 25 daga watan da aka ƙera ta. Saboda haka ne R32 ta 1989 ta halatta a 2014, R34 ta 1999 kuma ta fara shiga a 2024. Wanda ya yi gaggawa, kwastan suna da ikon ƙwace motar, har su murƙushe ta. A Kanada wa'adin shekara 15 ne.

A ƙasashen Tarayyar Turai ana yi wa irin wannan mota rajista. A 2014 kotun Tarayyar ta yanke hukunci a kan Folan da Lituweniya cewa ba su da hurumin tilasta wa mutum sauya sitiyari kafin rajista. Duk da haka sai an gyara fitilun gaba, domin an saita haskensu ya karkata hagu, yana dallare idon mai tahowa, a kuma sa fitilar hazo ta baya idan babu. Saudiyya kuwa, inda jama'armu suke da yawa, ba ta karɓar mota mai sitiyari a dama, har da wadda aka sauya mata hannu.

Idan Niyyarka Ka Kawo Ta Gida

Nan ne ya kamata a fi natsuwa. Ƙa'idojin Zirga-zirgar Ababan Hawa na Ƙasa na 2012 sun haramta yin rajistar mota mai sitiyari a dama da tuƙa ta a kan titunan jama'a a Nijeriya, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da ikon kama ta. Ganin irinta jefi-jefi a kan titi ba hujja ba ce. Mutum zai iya biyan kuɗin mota, da na jirgin ruwa, da na ɗan fito, ya wayi gari da motar da ba ta da lamba, ba ta fita daga gareji.

Akwai kuma maganar shekaru. Hukumar Kwastan tana da iyakar shekarun tsohuwar motar da za a shigo da ita, kuma a 2022, lokacin da aka soma ƙiyasta kuɗin fito ta lambar shasi, an rage iyakar daga shekara 15 zuwa 12. Ke nan tsufan da yake buɗe wa mota ƙofar Amurka, shi ne yake rufe mata ƙofar Legas. A farkon 2017 ma gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, aka mayar da su tashoshin jiragen ruwa irin su Tin Kan da Apapa. Da yake ana sauya irin waɗannan ƙa'idoji lokaci zuwa lokaci, muna ba da shawarar a nemi bayani a rubuce daga Hukumar Kwastan kafin a loda mota a jirgi.

Hikimar Hanin

Yawancin hanyoyin da suka haɗa garuruwanmu falle ɗaya ne, mai tafiya da mai dawowa suna gogayya. Direban da ke zaune a dama, idan yana bayan tirela ko tankar mai, ba ya ganin gabansa har sai ya fitar da kusan rabin motar cikin hannun masu tahowa. Wanda ke zaune a gefensa shi ne zai fara cin karo da abin da ya taho. Motar tsere kuwa ƙasa-ƙasa take, ga saurin ɗaukar wuta, don haka haɗarin ya ninka.

Sauya Hannun Sitiyari

Wasu sukan ce ai sai a kai wa makaniki ya mayar da sitiyarin hagu. Aikin ya wuce cire sitiyari a dasa shi a wani gefen. Sai an sauya sandar sitiyari, da matakan birki, kuloci da totur, da tukunyar man birki, da allon gaban mota baki ɗaya, da wayoyin lantarki, da jakar iska mai kare direba, har da magogin gilashi. Idan kamfanin bai taɓa ƙera motar ta hagu ba, babu kayan asali da za a sa, sai yanka da walda. Waldar da ta saki a sitiyari ko birki ana cikin gudu, ba ta ba mutum damar gyara kuskure. Araha ba ta ado.

Matakan Saye

Wanda dokar mazauninsa ta ba shi dama, ya kula da waɗannan:

1. Ya nemi takardar gwanjo ta asali, wadda ke nuna darajar motar, da tafiyar da ta yi, da ko ta taɓa haɗari. Ya sa wanda ba ɗan kamashon dillali ba ya fassara masa.

2. Ya tabbatar lambar shasi da ke jikin mota ita ce a takardar fitarwa da takardar lodin jirgi. A Birtaniya ya duba takardar rajista ta V5C da tarihin gwajin MOT, ya kuma bincika ko akwai bashi a kan motar.

3. Ya biya ta banki zuwa asusun kamfani mai rajista. Kada ya tura kuɗi asusun wani mutum saboda hoton da ya gani a intanet.

4. Ya zaɓi hanyar jigila. Jirgin da ake tuƙa mota a shiga da ita ya fi sauƙin kuɗi, kwantena kuwa ta fi kare mota mai daraja. Kowanne ya ɗauka, ya yi inshorar teku.

5. Ya haɗa lissafin kuɗin fito, haraji, ajiya a tasha, gwaji, gyaran fitilu da inshora tun kafin ya yi tayi. Ya tuna motocin cikin gida na Japan an ƙayyade gudunsu a kilomita 180 cikin sa'a, injinansu kuma suna son fetur mai inganci sosai.

Kammalawa

Shawararmu ga 'yan uwa mazauna ƙetare ita ce, wanda zai daɗe a ƙasar da ta yarda da irin wannan mota, ya saya ya more ta a can, ya sayar idan zai dawo. Wanda kuwa zuciyarsa na kan ya hau motarsa a gida, ya nemi samfurin da aka ƙera da sitiyari a hagu daga Jamus, Beljiyam, Amurka ko Kanada, wanda shekarunsa ba su haura ƙa'ida ba. Muna kuma kira ga iyaye da 'yan uwan da ake aiko wa motoci su tambayi hannun sitiyari da shekarar ƙira tun motar tana can, domin da zarar ta hau ruwa, gyara ya yi wuya.