Amana Tsakanin Marubuci Da Yaro Mai Karatu: Waiwaye A Kan Labaran Bin Diddigi Na Yara

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ƙa'idar ka-cici-ka-cici. Mai tambaya yana da damar ɓoye amsa, amma bai isa ya toshe hanyar da za a bi a kai gare ta ba. Idan aka yi ta lalube aka kasa, har aka ba shi gari ya ci, sannan ya kawo amsar da ba ta dace da siffar da ya bayar ba, to yara ba za su ƙyale shi ba, domin ya ci amanar wasa. A wannan maƙala muna so mu bi sawun yadda irin wannan amana ta shiga cikin wani nau'i na ƙagaggun labarai da ake rubuta wa yara a ƙasashen Turai da Amurka, wato labarin bin diddigi, inda ake aikata wani laifi ko a ɓoye wani sirri, sannan a bar mai karatu ya gwada basirarsa. Za mu fi daɗewa a kan littafi guda wanda muke ganin shi ne ya kai wannan fasaha maƙura, wato The Westing Game na Ellen Raskin.

Labarin bin diddigi don manya aka fara yin sa. Masana tarihin adabi sukan danganta asalinsa ga Edgar Allan Poe, Ba'amurke, wanda ya fitar da The Murders in the Rue Morgue a 1841. Amma gajeren labarinsa na 1843, The Gold-Bug, ya fi kusa da abin da muke magana a kai. A cikinsa an sami wani rubutun sirri na lambobi da alamomi da ke nuna inda aka binne dukiya, kuma Poe ya zauna ya nuna wa mai karatu daki-daki yadda ake warware shi: a ƙidaya alamar da ta fi yawan fitowa, a ɗauka ita ce harafin da ya fi yawa a harshen. A Ingilishi harafin nan shi ne "e". Da a Hausa aka yi rubutun, ko ɗan aji uku zai ce "a" ne. Daga baya Arthur Conan Doyle ya ƙirƙiro Sherlock Holmes a 1887. A labaran Holmes akwai yara, amma 'yan aike ne kurum, yaran titin Landan waɗanda yake ba 'yan sulalla su leƙo masa labari. Tunanin kuwa nasa ne shi kaɗai.

A ƙarshen shekarun 1920 labaran da yaro ya tashi daga ɗan aike ya zama mai bincike suka bunƙasa. A Jamus, Erich Kästner ya fitar da labarin Emil da 'yan bincikensa a 1929. Emil yaro ne ɗan ƙaramin gari wanda uwarsa ta sa shi a jirgin ƙasa zuwa Balin da mak 140 na kuɗin Jamus, yawancinsu saƙo ne zuwa ga kakarsa. Don tsoron ɓarayi sai ya maƙale kuɗin a cikin aljihun kwat da allura. Barci ya kwashe shi, wani fasinja ya sace. Yaran Balin suka taru suka yi ta bin ɓarawon har banki, inda ya rantse kuɗin nasa ne. Abin da ya kama shi shi ne hudar allura a jikin takardun. Ga alama an dasa ta tun farkon littafi, a gaban idon kowa, ba wanda ya kula da ita sai da ranarta ta zo. Abin lura kuma, lokacin da 'yan Nazi suka ƙone littattafai a Balin a watan Mayu na 1933, na Kästner suna ciki, shi kansa yana tsaye cikin taron yana kallo, amma a jerin da aka yi a wancan karo an keɓe Emil ba a haɗa da shi ba.

A Amurka kuwa harkar kasuwanci ta zama. Kamfanin Edward Stratemeyer ya fara jerin Hardy Boys a 1927 da Nancy Drew a 1930, yana ɗaukar marubuta haya su cika ƙashin labarin da aka ba su, a buga da sunan aro. A Ingila Enid Blyton ta biyo da nata daga 1942, kuma littattafanta sun iso har ɗakunan karatu na makarantunmu. Ba mu musun daɗin waɗannan littattafai, sun koya wa miliyoyin yara son karatu. Sai dai a ra'ayinmu mafi yawansu ba su cika sharaɗin ka-cici-ka-cici ba. Sau da yawa sa'a ce ke warware matsalar: yara su ji ɓarayi suna hira a bayan danga, ko su yi tuntuɓe da ƙofar ɓoye. Mai karatu yana gudu tare da su ne, ba a tambaye shi komai ba.

A daidai wannan lokaci marubutan manya suna ta muhawara a kan adalci. S. S. Van Dine ya shimfiɗa dokoki ashirin a 1928, ta farkonsu tana cewa dole a ba mai karatu dama daidai da ta mai bincike. Ronald Knox ya kawo nasa guda goma. Wasu 'yan uwa biyu da ke rubutu da sunan Ellery Queen suka ɗauki abin a aikace tun daga littafinsu na farko a 1929: dab da ƙarshe sai su tsayar da labari su ce wa mai karatu duk hujjoji sun zo hannunsa, ya faɗi mai laifi in ya isa. An ɗauki fiye da shekara talatin kafin a yi wa yara irin wannan karamci sosai. Donald J. Sobol ne ya yi shi a 1963 da Encyclopedia Brown, yaro ɗan shekara goma, ɗan shugaban 'yan sandan wani ƙagaggen gari, mai karɓar santi 25 a rana ladan bincike. Kowane littafi yana ɗauke da gajerun shari'o'i, kowace ta ƙare da tambaya, amsoshin kuma suna can ƙarshen littafi. Alal misali, an kawo wani takobi ana cewa na yaƙin basasar Amurka ne, an zana a jikinsa cewa an bayar da shi a 1861 bayan gwabzawar "farko" a wani fage. To wa ya san ta farko ce alhali ba a yi ta biyu ba sai 1862? Wannan dabara ce mai kyau. Rauninta kawai shi ne kowace matsala tana rataye ne a kan tuntuɓen harshe guda, kuma mutanen da ke cikin labarin ba su da wani nauyi a zuciyar mai karatu.

Ellen Raskin ta shigo fagen ne ta wata ƙofa dabam. An haife ta a Milwaukee a 1928, kuma sana'arta ta asali zane ce. Ta tsara bangon littattafai fiye da dubu kafin ta shahara da rubutu. Wataƙila shi ya sa take kallon kalma a matsayin abu mai siffa, wanda za a iya yanka shi, a juya shi, a ɓoye rabinsa. Ta fara aikin The Westing Game a 1976, shekarar da Amurka ta cika shekara 200 da samun 'yanci, kuma shekarar da attajirin nan Howard Hughes ya mutu aka shiga rigima a kan wasiyyarsa. Littafin ya fito a 1978, ya ci lambar yabo ta Newbery a 1979.

Ga yadda labarin yake. An lallaɓi wasu iyalai suka kama haya a wani sabon dogon bene a bakin tafkin Michigan, kusa da gidan wani hamshaƙin mai masana'antar takarda, Sam Westing. Ba da jimawa ba aka ce an tsinci gawarsa. Lauya ya tara mutum goma sha shida ya karanta musu wasiyya, wadda ta ce ɗaya daga cikinsu ne ya ɗauke ransa, kuma wanda ya gano amsa shi zai gaji dala miliyan 200. Aka raba su biyu-biyu, aka ba kowane rukuni dala dubu goma da wasu 'yan kalmomi a kan guntayen takarda. Magadan nan kuwa tarkace ne irin na Amurka: akwai alƙaliya baƙar fata wadda Westing ya biya wa kuɗin makaranta tana ƙarama, akwai Basine mai gidan abinci da ke zargin Westing ya sace masa fasaha, akwai yaro mai keken guragu da ke yini yana kallon tsuntsaye, akwai mai shara, akwai mai gadin ƙofa, har da wata sakatariya da aka gayyato bisa kuskuren suna. Sai kuma Turtle Wexler, 'yar shekara goma sha uku, wadda uwarta ba ta damu da ita ba, mai harbin ƙwaurin duk wanda ya taɓa mata kitso.

Wanda bai karanta littafin ba ya yi mana afuwa, domin ba yadda za mu nuna gwanintar ba tare da mun fasa ƙwai ba. Kowane rukuni ya ƙanƙame kalmominsa yana ɓoye wa sauran, kowa yana fassara su gwargwadon abin da ke ransa. Turtle ma ɗauka ta yi sunayen hannun jari ne, ta kwashi kuɗinsu ta zuba a kasuwa. Alhali da sun haɗa guntayen wuri ɗaya tun ranar farko, da sun ga baitocin wata sananniyar waƙar kishin ƙasa ce ta Amurka. Mai karatu shi kaɗai ne ke ganin kalmomin kowa, don haka yaro mai fensir da takarda yana iya riga magadan goma sha shida gano waƙar. Wasiyyar ta kuma yi nuni da cewa abin da babu ya fi abin da ke akwai muhimmanci. Idan aka jera baitocin aka duba gaɓoɓin da suka ɓace, sai su ba da sunan mai sharar nan, Berthe Erica Crow, wadda ashe tsohuwar matar Westing ce.

A nan ne Raskin ta yi wa magabatanta fintinkau. Amsar da aka sha wuya aka samo tarko ce. Westing gwanin darar Turawa ne mai sarki da sarauniya, kuma an nuna mana cewa dabararsa ita ce ya bar abokin wasa ya cinye masa sarauniya, yana cikin murna a kashe shi. Alƙaliyar ta sha wannan kaye a hannunsa tana yarinya, ta kuwa gane cewa Crow ce sarauniyar da aka miƙa. Tambayar gaskiya tana cikin lafazin wasiyyar ne, a wata jimla da aka katse da gangan lokacin karatu, wadda idan aka haɗa ta da kalmar da ta biyo baya sai ta ce a nemo na huɗu. Westing bai mutu ba. Yana yawo a cikinsu da sunaye huɗu, kowanne da kusurwar duniya a cikinsa: Westing na yamma, Northrup dillalin gidaje na arewa, McSouthers mai gadin ƙofa na kudu. Saura gabas. Turtle kaɗai ta lura, ta hau kekenta ta tafi gidan Julian Eastman, shugaban kamfanin takardar.

Idan yaro ya kai nan, abin da yakan yi shi ne ya koma shafin farko yana neman inda aka zalunce shi, kuma ba zai samu ba. Sunayen nan huɗu suna nan baƙi a kan fari tun surorin farko. Har benen da suke ciki an raɗa masa sunan faɗuwar rana alhali gabas yake fuskanta, kuma da wannan aka buɗe littafin. Ko shakka babu wannan shi ne sirrin daɗinsa: karatu na biyu ya fi na farko armashi, abin da ba kasafai ake samu a labarin bin diddigi ba, domin yawancinsu da zarar an san mai laifi sun zama ɓawon gyaɗa.

Akwai kuma abin da Sobol bai yi ba wanda Raskin ta yi. Haɗa magadan biyu-biyu da Westing ya yi ba da ka aka yi shi ba. Kowa an haɗa shi da wanda zai cike masa giɓi. Turtle ta sami uwa a wurin wata mai ɗinki wadda 'yarta ta rasu. Yaron nan mai keke ya sami hanyar magani ta hannun ɗalibin likita da aka haɗa su. Yayar Turtle, wadda ake shirin aurarwa ba da son ranta ba, ta sami ƙarfin halin fasa auren a lokacin, kuma hakan ya taɓa tsohon miki, domin 'yar Westing ɗaya tilo ta mutu ne a jajibirin irin wannan aure. Muna iya cewa marubuciyar ta ɗan yi wa attajirin sassauci fiye da kima. Mutum ne da ya yi wasa da rayukan jama'a kamar 'ya'yan dara, ya jefa tsohuwar matarsa cikin zargin kisa, amma littafin ya sallame shi da fara'a. Wannan abin tattaunawa ne ga masu nazari, kuma yara masu wayo sukan tayar da shi da kansu.

Editarta, Ann Durell, ta ba da labarin cewa Raskin ba ta tsara ƙarshen labari kafin ta fara rubutu, tana tafiya ne tana gano shi. Wanda ya ga yadda kowane zare ya koma raminsa zai yi mamakin haka. Bayanin yana cikin yawan gyaran da ta yi, kuma ta ba da daftarorin littafin ga wata cibiyar nazarin littattafan yara a Jami'ar Wisconsin da ke Madison, inda ta yi karatu, don ɗalibai su ga yadda ake komawa baya a dasa alama bayan an san inda aka dosa. Ita ce ta tsara bangon littafin da zubin shafukansa da hannunta. Shi ne ƙagaggen labarinta na ƙarshe da aka buga tana raye. Ta rasu a 1984 tana da shekara 56.