Kafin Furotin Ya Dunƙule

A watan Nuwamba na 1901 aka kawo Auguste Deter asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt, a Jamus. Shekararta 51 kacal, amma ko sunanta ta ɗauko rubutawa, sai ta tsaya a tsakiya, sauran ya ɓace mata. Da a wajenmu ne, da cewa za a yi gigin tsufa ya zo mata da wuri. Likitanta, Alois Alzheimer, bai ga abin da ke cin ta ba sai da ta rasu a 1906 aka aika masa ƙwaƙwalwarta Munich. Ya yayyanka ta siri-siri, ya rina, ya sa a madubin likita: ga wasu curi-curi tsakanin ƙwayoyin jijiya, ga zare a cukurkuɗe cikinsu.

Abin da ke taɓa min zuciya a tarihin nan shi ne, shekaru da dama masana na isowa ne bayan gobara ta gama ci, toka kawai suke tonawa. Sai 1984 George Glenner da Caine Wong suka ware furotin ɗin da ke curewa, amyloid beta. A 1997 Maria Grazia Spillantini da abokan aikinta suka gano cewa a cutar Parkinson alpha-synuclein ne ke dunƙulewa. An san mai laifi, ba a san yadda yake fara ɓarna ba, don ƙwayar halitta mai rai cike take maƙil da dubban sinadarai.

Mafita ta fito daga hannun mutanen da ba ciwon mantuwa ke gabansu ba. Thomas Chang yana ɗalibi a Jami'ar McGill ta Kanada ya haɗa ƙwayar halitta ta wucin gadi a 1957, a ɗakin kwanansa. A shekarun 1960 kuma Alec Bangham, a Babraham kusa da Cambridge, ya lura cewa wani nau'in maiƙo in ya shiga ruwa da kansa yake naɗewa ya zama 'yar jaka rufaffiya, mai tantani irin na ƙwayar halitta.

Da 'yar jakar nan mai bincike ke haɗa furotin ɗaya tak, ya ƙara gishiri ko ya sauya maiƙon, ya zuba ido. A 2015 masana a Cambridge suka nuna cewa alpha-synuclein na soma curewa da sauri ninki dubbai idan ya manne a jikin irin wannan tantani, kuma yawan maiƙon da ke kusa da shi ne ke yanke ko zai cure ko a'a.