Kamfanin UAC da Sha'anin Ma'aikata a Nijeriya

Duk kamfanin da ya ƙetare teku domin ciniki, tilas ya warware matsala guda: wa zai amince wa da dukiyarsa, wa kuma zai amince wa da ikonsa? Tarihin Kamfanin UAC ya nuna cewa waɗannan amana biyu ba lokaci ɗaya aka ba 'yan ƙasa su ba.

An kafa UAC cikin 1929, sa'ad da aka haɗe Kamfanin Neja, wanda Lever Brothers suka saya a 1920, da African and Eastern Trade Corporation. Kafin nan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa kuwa ya bunƙasa daga 1912. Tsarin ma'aikata ya kasu hawa uku. A sama akwai manajoji Turawa, waɗanda ake ɗaukowa daga Ingila bisa yarjejeniya, da albashi da gida da hutu na musamman. A tsakiya akwai akawuna, galibinsu mutanen kudu da na gaɓar teku, saboda su suka riga samun ilmin boko. Sannan ga attajirai da dillalai waɗanda ake ba jari su shiga ƙauyuka sayen amfanin gona. Alhassan Ɗantata, wanda ya fara saya wa Kamfanin Neja gyaɗa a 1918, shi ne mafi shahara cikinsu.

Wato kamfanin ya yarda ya damƙa wa ɗan ƙasa dubban fam, domin shi ya san harshe da hanya da halin manoma, amma kujerar yanke shawara ta zauna hannun baƙi shekara da shekaru. Guguwar neman mulkin kai ce ta sa aka soma horar da 'yan Nijeriya aikin manaja. Daga baya dokokin mallaka wa 'yan ƙasa kamfanoni, na 1972 da 1977, suka tilasta sayar musu da hannun jari. Sai a 1975 Christopher Abebe ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci kamfanin, Ernest Shonekan ya gaje shi a 1980, Unilever kuma ta sayar da sauran hannun jarinta a 1994.

Abin lura ga ma'aikatan gwamnati shi ne, doka tana iya sauya mai hannun jari cikin shekara guda, amma manaja sai an raine shi. Saboda haka, duk yarjejeniyar da za a ƙulla da kamfanin waje, ya kamata a rubuta a fili mutum nawa zai horar, da kuma muƙaman da za su hau.