Ra'ayin Wong Kan Asalin Haruffan Gado

A kowace ƙwayar halitta, daga ta ɗan Adam har ta masarar da ake nomawa a gonakin Bwari, saƙon gado yana isa wurin ƙera furotin ne cikin haruffa huɗu na RNA: A, U, G da C. Harafi uku ke yin kalma, kalmomin kuma 64 ne. Guda 61 suna kiran amino asid 20, ukun da suka rage na nufin a tsaya. A 1961 Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei suka karanta ta farko a Amurka, wato UUU, mai kiran fenilalanin. Zuwa 1966 an karance sauran.

Me ya sa rabon ya zo haka? Francis Crick ya ce a 1968 dace ne da ya daskare. A 1975 Jeffrey Wong na Jami'ar Toronto ya kawo amsa mafi gamsarwa. A cewarsa, da fari amino asid kaɗan ne, irin su gilaisin da alanin da Stanley Miller ya samar a kwalba a Chicago a 1953. Da halittu suka fara ƙera sababbi daga tsofaffin, sai kowace uwa ta yanka wa 'ya'yanta daga kalmominta, kamar yadda magidanci ke yanka wa ɗansa gayauna daga gandu.

Misalin yana cikin akushi. Tuwon masara na da ƙarancin amino asid ɗin laisin, wake na cike giɓin; shi kuma wake mesiyonin ne ya yi masa ƙaranci. A jikin shuka, su biyun daga asfatet suke fitowa, haka ma tiriyonin da aisolusin, kuma kalmominsu duka da A suke farawa. Masu bincike Taylor da Coates suka fito da wannan tsari na harafin farko a 1989.

Ra'ayin Wong ya sha suka. A 2000 Ronneberg da Landweber da Freeland sun nuna lissafin da Wong ya dogara a kai yana da rauni. Amma akwai hujjar da ke da wuyar turewa: har yau bakteriya da yawa ba sa ɗaukar gulutamin kai tsaye. Uwarsa gulutamet suke fara ɗorawa a kan tRNA, wato ƙaramin RNA mai karanta kalmar gulutamin, a nan suke mayar da ita gulutamin kafin ta shiga furotin.