Tayar Da Ake Ɗinkewa: Tarihin Faci A Tseren Keke



Dukkanmu mun san aikin mai faci na bakin titi. Ya zaro tub daga cikin taya, ya ba shi iska, ya tsoma shi a ruwa yana duba inda kumfa ke fita, ya kankare wurin, ya shafa sulushan, ya manna faci. To akwai wata irin taya da 'yan tseren keke na Turai suka shafe fiye da shekara ɗari suna hawa, wadda in ka miƙa wa mai facin nan zai yi ta jujjuya ta bai ga ta inda zai zaro tub ba. Tub ɗin a ɗinke yake cikin rigar auduga ko siliki, an rufe ɗinkin da ƙyalle, sannan aka manna tayar gaba ɗaya a jikin rim da gam. Faransawa suna ce mata boyau, wato hanji, kuma duk wanda ya gan ta a rataye babu iska zai gane dalili.

Tun ranar da aka sa iska a taya aka haifi faci. A 1888 wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska, ya naɗe ta da ƙyalle ya manna a jikin ƙafar keken. Tafiya ta yi laushi, amma gyara ya zama jidali. A 1889 wani mai keke ya shiga masana'antar roba ta 'yan uwan nan biyu, André da Édouard Michelin, a garin Clermont-Ferrand na Faransa, tayarsa ta sace. Sai da aka kwashe wajen awa 3 ana fama, sannan aka bar gam ya kwana yana bushewa. Wannan wahala ce ta sa Édouard ya ƙera tayar da ake cirewa a mayar ba tare da gam ba. A 1891 Charles Terront ya hau ta ya lashe tseren Paris zuwa Brest da dawowa, kilomita kusan 1,200, cikin awa 71 da 'yan mintoci.

Da a ce tarihi miƙaƙƙen layi ne, da nan labarin gam ya ƙare. Talakawan duniya kam sun rungumi taya mai cirewa, ita ce a kekunanmu har gobe. 'Yan tsere kuwa sai suka zaɓi hanjin nan mai gam, kuma suna da hujja. Ya fi sauƙin nauyi, ya fi laushi a kan hanya marar kyau, yana zama daidai a kan rim na katako da ake amfani da shi a lokacin. Babbar hujjar ita ce idan ya sace ba ya fita daga rim, mutum yana iya ci gaba da tuƙi a kansa har ya sami wurin tsayawa.

An ga amfanin haka da wuri. An fara gasar zagaye Faransa, Tour de France, a 1903, kuma a shekara ta biyu magoya baya suka riƙa watsa ƙusoshi a hanya don su karya abokan hamayyar gwanayensu. Henri Cornet, yaro ɗan shekara 19 wanda aka ba kambun 1904 bayan an kori mutum huɗu na farko saboda maguɗi, ya ƙarasa wani zango yana tuƙi a kan tayoyin da suka sace. Ga shi shugaban gasar, Henri Desgrange, mutum ne mai tsauri, dokarsa ita ce kowa ya gyara kekensa da hannunsa. A 1913 da ƙarfen gaban keken Eugène Christophe ya karye a tsaunukan Pyrenees, sai da ya saɓa keken ya gangara ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan ya shiga maƙera ya gyara da kansa, aka kuma ci shi tarar mintoci don wani yaro ya taya shi zuga. Wanda aka hana a yi masa zuga, wa zai canza masa taya?

Daga nan hoton da ya shahara ya samo asali: ɗan tsere fuska duk ƙura, ya saƙala taya a kafaɗunsa ta gitta a bayansa. Waɗannan tayoyin ajiya ne da aka riga aka shafa wa gam. In ya yi faci sai ya sauka, ya ɓamɓare tsohuwar da yatsu, ya ja sabuwar ta hau rim, ya buga famfo, ya bi sahu. Ainihin gyaran sai dare. A nemo hujin, a ɗaye ƙyallen, a farke ɗinki daidai wurin, a jawo tub a manna faci, a mayar, a ɗauki zare da allura a ɗinke ta cikin tsofaffin ramuka ba tare da an soki tub ba, sannan a manna ƙyallen. Aikin baduku ne sak, kuma in ɗinkin ya karkace tayar za ta riƙa tsalle. An ci gaba da ganin taya a kafaɗa har cikin shekarun 1950, kafin motocin ƙungiyoyi su karɓi aikin. A 1973 kamfanin Mavic ya fara bin tsere da mota yana ba kowane ɗan tsere ƙafar keke, ko na wace ƙungiya ne.

Mutum biyu 'yan Sifaniya sun ishe mu misalin alheri da sharrin wannan taya. A gasar duniya ta 1995 a Duitama ta Kolombiya, Abraham Olano yana gaba shi kaɗai, saura kaɗan ya kai, tayarsa ta baya ta sace. Bai tsaya ba, a kanta ya ƙarasa ya zama zakaran duniya. Joseba Beloki kuwa, a gasar Faransa ta 2003, yana gangarowa garin Gap cikin zafin da ya narkar da kwalta, ya taka birki, ƙafar baya ta zame, tayar ta ɓalle daga rim. Ya karye a cinya da gwiwar hannu da wuyan hannu, kuma bai sake komawa matsayinsa na da ba. Shi ya sa makanikai ba sa wasa da gam: shafi bayan shafi, kowanne a bar shi ya bushe, taya ɗaya ta iya cin kwanaki.

Ruwan toshe faci daga baya ya zo, kuma ta hannun masu keken hawa duwatsu. A 1999 Mavic ya fito musu da taya marar tub, a farkon shekarun 2000 kuma wani Ba'amurke, Stan Koziatek, ya yaɗa ruwan roba da ake zubawa a ciki. Idan ƙaya ta huda, iskar da ke neman fita ita ke tura ruwan bakin hujin, ya daskare kamar jini a kan rauni. Masu taya mai ɗinki suka ga sun huta da allura: a kwance kan bawul, a ɗura ruwan, a juya hujin ƙasa, a ɗan jira, a ba ta iska a hankali.

Sai dai ruwan bai zauna musu lafiya ba. Tayar mota gejinta wajen 30 zuwa 35 ne, wannan kuwa takan haura 100, don haka sau da yawa iska kan feso ruwan waje kafin ya kama. Ƙaramin huji yake toshewa, yankan kwalba ya fi ƙarfinsa. Bayan 'yan watanni yakan bushe ya dunƙule a ciki, ya toshe bawul, kuma in aka bar tayar babu iska tub ɗin ya manne da kansa. A taya marar tub sai a buɗe a wanke. A nan kuwa tub a ɗinke yake, babu ta inda za a kai gare shi. Har yanzu ana gardama ko a zuba tun kafin faci ko sai an yi, mu dai muna ganin masu cewa a riƙe kwalbar a aljihu sai an yi sun fi gaskiya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne, ruwan da aka ɗauka zai ƙara wa wannan taya kwana shi ya buɗe wa kishiyarta ƙofa. Da tayoyin tsere suka ƙara faɗi, iska ta ragu, ruwan ya fara aiki sosai a taya marar tub. Tseren Paris zuwa Roubaix, wanda ake yi a kan hanyoyin duwatsu tun 1896, nan ne gidan taya mai ɗinki, amma a 2021 Sonny Colbrelli ya lashe shi a kan marar tub, haka ma Lizzie Deignan a karon farko na mata. Yanzu yawancin manyan ƙungiyoyi sun ajiye gam. Inda aka fi ganin hanjin a yau shi ne filin tsere na zagaye da tseren cikin laka, sai kuma tsofaffin masoyansa da ke fita da guda a naɗe ƙarƙashin sirdi.