Hoton Gida Kafin Zuwan Ruwa

A shekarar 1963 kamfanin Kodak na Amurka ya fito da wata 'yar kyamara, Instamatic, wadda ko yaro ya iya ɗaukar hoto da ita. Da shekara ta kewayo aka soma gina madatsar Kainji a kogin Kwara. Aka gama a 1968, ruwa ya cinye tsibiran Gungawa da garuruwan bakin kogi na Yauri da Borgu, aka tashi mutum fiye da 40,000.

To, duk ma'aikacin da ya zo ganin gida a tsakanin nan, ya ɗauki iyayensa a ƙofar gida, shi a ganinsa wasa ne. Ashe shaida ya ajiye. Yau jikokinsa ba su da inda za su ga gidan nan sai a hoton.