Lakar Kogin Nilu a Tarihin Ƙasar Masar

Tun zamanin Fir'aunoni, arzikin Masar ya dogara ne kan lakar da ambaliyar Kogin Nilu take kawowa kowace shekara. Asalin wannan laka duwatsun Habasha ne. Idan damina ta sauka a can, ruwa yakan zaizaye ƙasa ya zuba ta cikin Shuɗin Nilu da Kogin Atbara, daga nan ta gangara arewa. A da, a kimance, kogin yakan wuce Aswan da laka fiye da tan miliyan 100 a shekara, mafi yawanta tsakanin Agusta da Oktoba.

Muddin ruwa yana gudu da ƙarfi, yana iya riƙe abin da ya ɗauko. Da zarar ya tumbatsa ya malala cikin fadama, sai ƙarfinsa ya ragu. Rairayi, da yake ya fi nauyi, shi ke fara kwantawa a bakin gaɓa har ya yi tudu. Lallausar laka kuwa sai ta yi nisa. Mutanen da suka fahimci haka, suka yi ta gina shingayen ƙasa suna tsare ruwan wajen kwana 40, sannan su sake shi su yi shuka. Don baƙin wannan laka ne suka kira ƙasarsu Kemet, watau baƙar ƙasa.

Hukuma ma ta sa ido kan ambaliyar, domin da ita ake ƙiyasta haraji. A shekarar 861, bisa umarnin Halifa Mutawakkil, aka gina ma'aunin ruwa a tsibirin Rauda. Idan ruwa ya kai kamu 16, an sami shekarar wadata.

Wannan tsari ya yanke da gina babbar madatsar Aswan, wadda aka fara a 1960 aka kammala a 1970. Madatsar ta kāre Masar daga farin shekarun 1980, ta kuma ba da lantarki da noman rani. Sai dai lakar ta koma kwantawa a cikin tafkin, musamman ɓangarensa na Sudan. Manoma suka ƙara dogara ga takin zamani, masu tubali suka koma kankare ƙasar gonaki har aka hana su da doka a 1983, teku kuma ta shiga cin gaɓar Rashid, inda a da laka take ƙara faɗin ƙasa kowace shekara.